Dirkokin Gidan Unaisi

Da safe aka faɗa a rediyo cewa guguwar ta canza hanya. Jiya cewa aka yi za ta bi ta yamma ta ƙare haukanta a tsakiyar teku inda babu kowa, yau kuma aka ce ta juyo, tsibirinmu ta nufo, kuma kafin la'asar za ta iso. Mu mutanen bakin teku a nan Fiji mun saba rediyo ya tsorata mu a banza, amma ran nan ba wanda ya yi musu. Tun asuba ake ruwa, tsuntsayen teku sun gudo tudu, igiyar ruwa kuma tana dukan duwatsun gaɓa da wata irin ƙara da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa.

Unaisi ce kaɗai mai ƙarfi a gidan. Mijinta Peniasi ya raka 'yarsu Torika makarantar kwana a Suva, babban birnin ƙasar, aka tsayar da jiragen ruwa, ya maƙale a can. Mazan gari sun tura kwale-kwalensu cikin rafi don su ɗaure su inda iska ba ta kaiwa, rafin ya cika ya shanye gadar katako, suka maƙale a wancan hayin inda coci yake. A wannan hayin sai mata da yara, sai surukin Unaisi, tsoho Ilaitia, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara. Yana ƙuryar ɗaki bayan labule, yana sauraren ruwa a kan kwano.

Ta ɗauki igiya da adda ta fita ɗaure rufi. Ta jefa igiyar ta saman kwano, ta zagaya kusurwar da ke kallon teku, ta durƙusa gindin dirka ta tone yashi kaɗan don ta ɗaure daga ƙasa. Dirkar ta fi ƙarfin rungumar mutum ɗaya, santsi gare ta, igiya ba ta kama. Sai ta sa bakin adda don ta yi wa igiyar ɗan gurbi.

Addar ta shige kamar a dafaffen rogo.

Unaisi ta saki ƙotar, ta tsaya tana kallonta a tsaye cikin itacen. Da ta zare, wani jan gari mai laima ya biyo baya, da wari irin na tabarmar da ta kwana cikin ruwa. Ta cusa yatsa, ya shige. Ta cusa hannu, ya shige har wuyan hannu, ta ji gara tana yawo a kan fatarta. Daga gwiwar mutum zuwa sama itacen lafiya ƙalau yake, yana ƙyalli. Daga inda yashi ya fara zuwa ƙasa, ɓawo ne kawai ya rage. Ta rarrafa zuwa dirka ta biyu, ta tone, ta soka. Ta zagaye gidan kaf a kan gwiwoyinta cikin ruwan sama, ba ta sami ko ɗaya da ta mayar mata da adda ba. Tsoro ya kama ta.

Abin da ya sa tsoron ya zo da kunya shi ne, dirkokin nan na gidansu ne. Unaisi 'yar kan duwatsu ce, aure ya kawo ta bakin teku. Tun Torika tana goye, da Peniasi ya ce zai gina gida, yayanta Waisake ya rantse ba za a ce ƙanwarsa tana kwana a ƙarƙashin tsirarun sanduna ba. Ya tara mazan dangi suka shiga daji suka sari dakua, itacen da mutanen dutse ke alfahari da shi, miƙaƙƙe, fari, mai ƙamshin ƙaro. A can sama kan dutse suke ɗora shi, ƙasa busasshiya, hayaƙi kullum, sai ya ga jika da tattaɓa-kunne. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da yashi mai gishiri ke yi masa, yashin da ruwan teku ke tsotsowa ta ƙasa duk sanda ya cika. Suka jawo gungumen ta kogi suna waƙa, gari ya fito kallo. Da aka zauna kan tabarma aka dama yangona, ruwan saiwar nan da muke sha a taro, Waisake ya fito da tambuwa, haƙorin nan na ƙaton kifin teku da ake roƙo da shi, ya miƙa wa Ilaitia ya ce a karɓi itacen.

To, Ilaitia magini ne ɗan magini. Ya san dirkar bakin teku ba ta wuce vesi, baƙin itacen nan mai nauyi da ke nutsewa a ruwa, wanda gara ke bari don ba ta da haƙorinsa. Amma a wajenmu wanda aka miƙa wa tambuwa a gaban jama'a, in ya janye hannu ya tsinka zumunci ke nan har jikoki. Unaisi ta tuna yadda ran nan tsohon ya daɗe yana kallon gungumen kafin ya miƙa hannu biyu ya karɓa, aka tafa. Ita a lokacin ta ɗauka daɗi ne ya hana shi magana. Shekara da shekaru tana shafa wa dirkokin man kwakwa, tana naɗa musu igiyar ado, baƙo in ya zo sai ta san yadda ta yi ya tambayi daga ina suke.

"Ke 'yar dutse, sujada kike wa gidan ko me?"

Salanieta ce, ƙanwar mijinta, da tsohon ciki a gaba, tabarma a ka, yara biyu riƙe da zanenta. Unaisi ta yi sauri ta tura yashi da ƙafa ta rufe ramin.

"Igiya nake ɗaurewa. Ina za ki da kaya haka?"

"Ina kuwa? Ɗakina ko tari kika yi kusa da shi sai ya jingina. Gadar coci ta tafi. Yau dai mu ci arzikin surukai, a ga ranar itacen da ake cika mana baki da shi."

Ta wuce ciki tana dariya. Kafin Unaisi ta miƙe ta hango sauran suna tafe cikin ruwa, layi guda, da ƙunshin dafaffiyar gwaza da fitilu da jarirai a lulluɓe. A gaba tsohuwa Miliakere ce da sandarta, wadda bakinta ya fi addar kowa kaifi a garin. Kowa ya san gidan Peniasi ne mafi girman dirka a wannan hayin, don haka ba wanda ya yi shawara da wani, ƙafa ce kawai ta kawo su. Unaisi ta tsaya bakin ƙofa tana cewa sannunku, ku shigo, ku shigo, don abin da bakinta ya iya ke nan. Kowane yaro da ya wuce ta gabanta sai ta saci kallon gindin dirka.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka baje. Wata ta jingina bayanta da dirkar kusurwar teku tana ba jariri nono. Miliakere ta bubbuga ta tsakiya da sanda ta ce, "Ku ji fa. Wannan ko jirgi ya yi karo da ita shi zai ji jiki." Aka yi dariya, aka kalli Unaisi don ta ji daɗi, ita ma ta buɗe haƙora.

Ta san inda ya kamata a je. Bayan gidan, kan ɗan tudu, akwai tsohon ɗakin uban Ilaitia wanda aka mayar madafa. Gajere ne, sai an sunkuya ake shiga, jinkarsa ta yi baƙi da hayaƙi, dirkokinsa ba su fi cinyar mutum kauri ba. Amma vesi ne, kuma tun kafin a haifi Peniasi suke cikin yashin nan. Sai dai yaya za ta buɗe baki? Ta ce wa baƙin da suka shigo inuwarta su tashi su koma madafa, alhali ko kare ba a kora daga gida ranar guguwa? Ta ce kyautar gidansu ruɓaɓɓiya ce, a gaban Miliakere, maganar ta hau dutse kafin ruwa ya janye? An ce tsoro na daji, kunya na gida, ita kuwa ran nan duka biyun a ɗaki ɗaya suka same ta. Ta ce a ranta bari ta ɗan jira, wataƙila guguwar ta sake juyawa. Ta dafa shayi ta raba, iska tana ƙaruwa, tana jira.

Da kwanon rufi ya fara ɗagawa yana komawa, ta jawo Salanieta zuwa bakin labule. Matar ɗa ba ta yi wa suruki magana kai tsaye a wajenmu, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa ko gefen tabarmarsa. Tun da ya kwanta, Peniasi da Salanieta ne ke juya shi. Unaisi ta zauna ta ba labulen gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Sala, tambayar mini su Baba. Itacen da ya girma a kan dutse, in aka binne ƙafarsa a yashin gishiri, yana kai shekara nawa?"

"Wace irin tambaya ce wannan ana cikin wannan hali?"

"Ke dai tambaya."

Ba sai ta maimaita ba, tsohon ya ji. Can muryarsa ta fito, a karkace kamar yadda ciwon ya mayar da ita.

"Salanieta, gaya wa uwar Torika, abin da aka karɓa da hannu biyu ba a auna shi." Ya yi numfashi. "Ki kuma gaya mata sanyi nake ji. Ɗakin nan ya yi wa tsoho girma. Hayaƙin madafar ubana nake marmari, in da masu raka ni."

Unaisi ta runtse ido. Ashe ya sani. Tun ranar da ya karɓi haƙorin ya sani, ya kwanta ƙarƙashin rufin nan shekara da shekaru, jikarsa tana wasa a gindin dirkokin, bai ce uffan ba don kada ya kunyata matar ɗansa. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa har wuya. Ga shi yanzu ya buɗe mata ƙofa yadda ba wanda zai ji kunya, sai ta juya ga matan da sauri.

"Baba yana son a koma madafa. Ku zo mu raka shi gaba ɗaya, ai ya fi ɗumi."

Aka fashe da dariya.

"Tsufa ke nan," in ji wata. "A ƙara masa bargo."

"Madafa?" Miliakere ta gyara zama. "Wannan akurkin? Yarinya, in tabarminki kike jin tsoron yara su jiƙa, faɗi gaskiya, ba sai kin laƙa wa mara lafiya ba. Mun san mutanen dutse da son kayansu."

"Ba haka ba ne, Iya."

"To mene ne? Mun shigo gidan ɗanmu, ko kuwa ba gidan ɗanmu ba ne?"

A daidai nan iska ta yi wani tahowa daga teku, ta daki bango da dukan ƙarfinta. Gidan ya yi wani nishi. Ba wanda ya kula sai ita, don ita kaɗai ke kallon ƙasa: tabarmar da ke gindin dirkar kusurwa ta tattare, dirkar ta matso ciki kamar faɗin tafin hannu, ba ta kuma koma ba. Mai jaririn tana jingine da ita har yanzu, tana yi masa waƙa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Unaisi ta ɗauki addar daga bakin ƙofa, ta tsallake ƙafafun mutane ba ko gafara, ta janye mai jaririn da hannu ɗaya, ta yaye tabarma. Ta soka addar a gindin dirkar, ta shige har ƙota. Ta cusa hannu ta damƙo jan garin da gara a ciki, ta juya ta buɗe tafinta a tsakiyar ɗaki inda fitila ke haskawa.

"Itacen gidanmu ne," ta ce. "Na yayana. Ya ruɓe. Ba wannan kaɗai ba, duka. Tun safe na gani na yi shiru. Gidan nan ba a kan komai yake tsaye ba."

Miliakere ta kalli hannun, ta kalli rufin da ke kanta, ta kama sandarta ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba.

"Kowa ta ɗauki nata," ta ce. "A bar kaya. Ta ƙofar baya, a rarrafe, babba ta riƙe ƙarami."

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Da aka buɗe ƙofar baya iska ta fizge ta daga hannun mai buɗewa, ta tafi da ita. Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, yara a ƙarƙashin ƙirjinsu, ruwa yana dukansu a kwance. Unaisi tana tsaye tana tura su, tana duba kowane lungu kada a bar wani yaro yana barci. Da ɗakin ya zama wayam sai ta ga saura Salanieta a bakin labule, ta kama ubanta ta hammata tana ja, cikinta ya tokare ta, ko ɗaga shi ba ta iya ba.

"Tafi wajen 'ya'yanki."

"Wa zai ɗauke shi? Ke?"

"Na ce tafi."

Salanieta ta kalle ta, ta saki, ta fita tana kuka. Unaisi ta yaye labulen da ba ta taɓa yayewa ba. Ba ta kalli fuskarsa ba, ta juya masa baya ta durƙusa a gefen shimfiɗar. Sai ta ji ya yi magana, kuma ba ta bakin kowa ba.

"Bar ni, 'yata. Ni na karɓi haƙorin. In gidan zai faɗa wa wani, ni ya kamata."

"Baba," ta ce, karo na farko a rayuwarta da ta yi masa magana kai tsaye, "ku kama wuyana da hannunku mai lafiya. In kun ƙi, nan zan zauna tare da ku."

Hannun ya zo a hankali, busasshe, mai sanyi. Ta jawo shi kan bayanta, ta ɗaure da zane kamar goyo. Bai fi buhun busasshiyar kwakwa nauyi ba, wannan ma ya ba ta tsoro. Tana miƙewa dirkar kusurwa ta yi ƙara, bango ya karkato, kwanukan abinci suka zubo daga inda aka jera su.

Tsakanin gidan da madafa ba nisa, kullum tana zuwa da tukunya a hannu ba ta ma sani ba. Ran nan da gwiwa da gwiwar hannu ta yi shi. Iska ta hana ta numfashi, yashi yana shiga ido, kwakwa tana faɗowa tana nutsewa cikin ƙasa a gefenta. Wani fallen kwano ya taso daga wani gida ya wuce ta saman kansu yana juyi, ya sare bishiyar gwanda kamar da wuƙa. Ta kwanta ruf da ciki, tsohon a bayanta, tana jin bugun zuciyarsa a kafaɗarta. Ta tabbata a nan za su mutu, kuma ta san jiran da ta yi da shayi a hannu ne ya jawo. Sai ta ji hannaye sun kama ta, an ja su cikin duhun madafa.

A ciki ba wurin miƙe ƙafa. Mata sun cure a ƙasa, yara a tsakiya, toka da ruwa sun haɗu sun zama taɓo. Aka kwance tsohon aka jingina shi da dirka. Ɗakin yana girgiza, jinka tana tsiyaya, igiyoyin da suka ɗaure sanduna suna kuka. Unaisi ta rungumi wata baƙar dirka da hannu biyu, tana jin yadda iska ke tura ta, tana kuma jin yadda take ƙin tafiya. Ta sa farce a gindinta inda ta shiga yashi, don yanzu ba ta yarda da kowane itace ba. Farcen ne ya karye.

Ta wata kafa a bango ta ga ƙarshen gidanta. Ƙarar iska ba ta bari an ji faɗuwarsa ba. Ɓangaren teku ne ya fara durƙusawa kamar saniyar da za ta kwanta, sannan rufin ya ɗaga gaba ɗaya ya kife a kan tabarmin da aka tashi daga kai. Manyan dirkokin suka kwanta a jere, fari tas, ƙafafunsu a gutsure. Mai jaririn nan tana kusa da ita, ita ma ta gani, ta ƙanƙame ɗanta.

Guguwar ta wuce, ba a rasa rai ba a hayinmu. Maza suka ƙetaro da ruwa ya janye, Peniasi ya dawo a jirgin farko. Abin da zai ba ka haushi da mutanenmu shi ne, ba wanda ya sake ta da maganar. Matan da suka ga adda ta shige har ƙota da idonsu, in an tambaye su sai su ce iska ce ta yi ƙarfi. Aka sassare dirkokin aka yi makamashi, aka rufe guntayen da yashi, duk don a rufa wa Unaisi asiri. Ita kuwa ta tono guntu ɗaya ta ƙulle a bakin zane, ba ta san dalili ba.

Ba a daɗe ba Waisake ya sauko daga dutse da mazan dangi, ɗauke da doya da gwaza. Ya tsaya a kan kangon ya daɗe yana girgiza kai. Da rana aka shimfiɗa tabarmi a gaban madafa, aka fito da Ilaitia aka jingina shi da dirkar bakin ƙofa, aka dama yangona. Mata suka zauna can baya inda suka saba. Unaisi tana ganin yayanta ya gyara durƙuso ya sa hannu cikin jaka, ta san abin da zai fito.

"Iska ta ci mutuncinmu," in ji Waisake, tambuwa a tafinsa, igiyarta tana lilo. "Ta kayar da gidan da muka kafa wa ƙanwarmu. Laifinmu ne, ƙanana muka kawo. Mun riga mun shiga daji mun sa wa dakua alama, waɗanda suka ninka na da. Ga roƙonmu, a karɓa."

Ya miƙa. Peniasi ya sunkuyar da kai. Miliakere tana kallon ƙafarta. Ba wanda zai yi magana, Unaisi ta sani, haka za a tafa, a jawo gungume da waƙa, a binne su cikin yashin nan, wata rana Torika ta kwantar da nata 'ya'yan a gindinsu. Ta ga hannun Ilaitia mai lafiya ya fara ɗagawa daga cinyarsa. Tsoron da ta ji a nan ya fi na ranar guguwa, don yau in ta buɗe baki tana iya rasa gidan ubanta gaba ɗaya.

Mace ba ta ratsa tabarmar maza ana tsakiyar roƙo. Unaisi ta ratsa, a kan gwiwoyinta, kanta a ƙasa. Ta shiga tsakanin hannun surukinta da na yayanta, ta kwance bakin zane, ta kama hannun hagun Waisake ta zuba masa abin da ke ciki.

"Yaya, ƙafar dirkar da ka kawo ce. Ba ƙanƙanta ta yi ba."

Waisake ya kalli abin da ke hannunsa. Fuskarsa ta ɗaure, mazan da ke bayansa suka fara motsi kamar masu shirin tashi. Ya matse tafinsa, itacen ya narke, jan ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa ya ɗiga kan tabarma.

"Kina cikin gidan ranar guguwar?" ya ce, a hankali.

"Ina ciki. Da Baba, da Sala da cikinta, da yaran hayin nan duka."

Ya ɗaga ido ya kalli matan da ke baya, da yaran da ke leƙe ta bayansu, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kalli tsohon.

"Baba, kun sani tun ranar da muka kawo su?"

Hawaye ya gangaro wa Ilaitia ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Waisake ya ja da baya kaɗan a kan gwiwoyinsa, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Ya sake miƙa haƙorin, amma da wata magana. Da tambuwa ake roƙon a karɓi kyauta a wajenmu, da ita kuma ake roƙon gafara. Ya ce sun kawo mutuwa gidan surukai da waƙa, a yafe musu, a kuma nuna musu itacen da yashin nan ya yarda da shi, su za su sara su ɗauko ko a ina yake.

Tsohon ya karɓa da hannu ɗaya, Peniasi ya tallafa masa da nasa, aka tafa. Sannan Ilaitia ya bubbuga baƙar dirkar da ke bayansa da ƙeya, ya nuna tsaunin da ya shiga cikin teku a gabas da gari, inda vesi ke fitowa a tsakanin duwatsu. Unaisi ta koma wajen mata, Salanieta ta matsa mata wuri. Daga nan take kallon yayanta har aka gama shan yangona. Bai goge hannun hagunsa ba, yana kan gwiwarsa a buɗe, jan garin yana bushewa a ciki.